Magazin na ƙarfe ko na roba, wanne zan sa hannu in karɓa?

Ƙaramin Kurtu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. An turo ni aiki ɓangaren Alkaleri, an kuma ba ni bindigar AK. Da na shiga ɗakin makamai sai na tarar da magazin, wato gidan harsashin da ake saƙala wa bindiga, iri-iri a akwati ɗaya. Ga na baƙin ƙarfe mai jijiyoyi a jiki, ga wani ja mai sulɓi, ga baƙi na roba marar nauyi, har da wani dogo da aka ce 40 yake ci. Oga ya ce in zaɓa. Ranar Litinin za mu sake sa hannu, ina so in je da sanina. Wanne ne ba ya ba mutum kunya?

Kofur Bajoga: Wa alaikumus salam ƙanena, barka da kama aiki. Ɗauki na ƙarfe mai cin 30 ka huta. Ni ban yarda da roba ba ko kaɗan.

Anti Sibil Difens: Kofur, ba ka ma bari yaron ya ji dalili ba. Ni na roba nake ɗauka, kuma bai taɓa cije mini ba. A bari masu ɗakin makamai su yi magana.

Saje Mai Makulli: Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan, don yawancin sababbin da ke zuwa gabana bindiga kawai suke juyawa suna dubawa, magazin kuwa duk wanda hannu ya faɗa a kai shi ke nan. Alhali in an dawo mini da bindiga aka ce ta cije, kafin in kwance ta sai na fara cewa a miƙo magazin ɗin da ke jikinta, kuma galibi a nan nake samun laifin. AK ba ta cika rigima ba. Abin da ke ba ta harsashi ne ke rigima.

Don haka kada ka fara da tambayar ƙarfe ko roba. Fara da lafiyar wanda ke hannunka. Ka juyo bakinsa ka dubi leɓɓan nan biyu da ke riƙe harsashin sama. Su ne ran magazin. In ɗaya ya buɗe ya fi ɗaya, ko ya lotsa, ko ka ga tsaga a gindinsa ta baya, ajiye shi. Leɓen da ya buɗe shi ke sakin harsashi biyu a tare, wanda ya matse kuma shi ke hana harsashi fita, sai ka ga kansa ya daki ƙasan bututu ya tsaya.

Daga nan ka sa ɗan yatsa ko fensir ka danna farantin da harsashi ke zama a kai. Ya kamata ya sauka sumul, ka sake shi ya dawo da ƙarfinsa. In ka ji yana kartar bango, ko ya tsaya a wani wuri sai ka girgiza, to jikin ya lotsa ta ciki ko datti ya cika shi. In kuma ya dawo a sanyaye, sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke turo farantin sama, ya mutu.

Sai haƙoran riƙo, na gaba da na baya. Ka tabbatar bindigar babu komai a ciki, bakinta na kallon inda ba kowa, a gaban mai ɗakin makamai. Ka saƙala haƙorin gaba, ka jawo magazin baya har ka ji ƙas. Ka ja shi ƙasa da ƙarfi. Ɗan motsi hagu da dama ba komai ba ne a AK, haka take. Amma in yana wasa gaba da baya, ko sai ka buga shi kafin ya kama, ba abokin tafiyar bindigarka ba ne, ko da lafiyarsa ƙalau a wata bindigar.

Ƙaramin Kurtu: Na gode Oga Saje. Ashe magazin zai iya zama daidai a wata bindiga ya ƙi wata? Na ɗauka AK duk ɗaya ce.

Saje Mai Makulli: Sunan ne ɗaya. Tun da sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓi bindigar Kalashnikov a 1949, ƙasashe da yawa suka riƙa ƙera tasu. Akwai ta Chana da ake kira Type 56, akwai ta Romaniya, ta Bulgeriya, ta Folan, ga kuma OBJ-006 ta DICON, masana'antar makamai ta gwamnati a Kaduna. Harsashi ɗaya suke ci, 7.62x39, amma ramin da magazin ke shiga yakan ɗan bambanta da kaurin gashi, kuma tsohuwar bindiga maƙallinta ya ci. Shi ya sa gwaji a bindigarka ya fi duk abin da za mu faɗa maka a nan.

Baba Samanja: Salamu alaikum 'ya'yana. Saje ya yi magana ta masu sani. Bari in ƙara da abin da idona ya gani.

Da aka kai mu Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, abin da ya fi damun kayanmu ba ƙura ba ce, ruwa ne. Monrobiya ruwan sama ba ya ɗagawa, ga iskar teku mai gishiri. Magazin na ƙarfe ka goge shi da safe, kafin wata safiyar ya yi ja. Wanda ake gani a waje ma da sauƙi. Na ciki ne mugu, wanda ke cin sifirin da bangon ciki ba ka sani ba. Wani yaro a sashena ya zo yana cewa bindigarsa harsashi uku take bayarwa ta tsaya. Na zare murfin gindin magazin ɗinsa, sifirin ya fito da garin tsatsa a tafin hannuna, har ya karye gida biyu. A waje kuwa sai sheƙi yake, don kullum yana shafa masa mai.

To ni na ƙarfe na sani, shi na riƙe har na ajiye kaki, kuma har gobe ina girmama shi. Mota ta taka shi ya tashi. Amma yana son mai kula. Wanda ba zai buɗe gindinsa ya duba ba, musamman daga Yuni zuwa Satumba, gara ya ɗauki wani.

Kuma ɗana, ka lura da wannan jan da ka ambata. Kada ka raina shi don ka ga kamar roba.

Kofur Bajoga: Baba, ai da tsohuwar zuma ake magani. Amma jan nan ba roba ba ne?

Saje Mai Makulli: Ba irin robar bokiti ba ce, Kofur. Bari in ba ku yadda abin ya taso, don shi zai nuna muku me ya sa akwatin ya cika da kala-kala. Magazin na farko da Rashawa suka yi shafaffen ƙarfe ne mai kauri, babu jijiya, nauyinsa wajen gram 430 ba harsashi. Ƙarfi kam ba a magana, amma nauyi ya yi yawa. A tsakiyar shekarun 1950 suka rage kaurin ƙarfen suka yi masa jijiyoyi don kada ya lanƙwashe, ya dawo wajen gram 330. Shi ne wanda kowa ya sani. Suka gwada na alminiyam, bai kai gram 200 ba, amma ya cika lotsewa, suka janye shi. Sai a shekarun 1960 suka fito da jan nan da ake ce wa bakalait. Zaren gilashi ne aka cuɗa da wani ƙaro mai tauri aka gasa, nauyinsa wajen gram 250, kuma an dasa ƙarfe a leɓɓansa da haƙoransa. Ba ya tsatsa, ba ya lotsewa, zafi ba ya narka shi. In ka samu mai lafiya, wanda gefen bakinsa bai ɓantale ba, ni shi zan fara nuna maka.

Abu ɗaya dai. Akwai ja na AK-74, mai cin ƙaramin harsashi 5.45. Launinsu ɗaya, amma shi bai kai namu lanƙwasa ba. Namu ya lanƙwashe sosai ne saboda kwanson 7.62x39 yana tsukewa daga gindi zuwa wuya, in ka jera 30 dole su yi baka. In ka ga ja mai ɗan miƙewa, ba naka ba ne.

Anti Sibil Difens: To Oga Saje, ka zo kan nawa, baƙin na roba. Mu da muke tsayuwa daga safe har la'asar a bakin makaranta ko wurin taro, ga rigar sulke, ga hula, nauyin nan ba wasa ba ne. Harsashi 30 kaɗai ya kusa rabin kilo. Ka haɗa da na ƙarfe ya haura gram 800, ka ɗauki uku ko huɗu a ƙirji. Da yamma kafaɗa ce ke ba da labari. Na roba yana rage mini wani abu, kuma damina ba ta dame shi ba.

Saje Mai Makulli: Gaskiyarki Anti, kuma ba na kushe shi. Sai dai na roba ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai na soja na ainihi, irin na Bulgeriya mai zanen raga a jiki, da ƙarfe a leɓe da haƙori, wannan ba ya jin wahala. Akwai kuma wanda roba ce zalla tun daga sama har ƙasa. A AK, duk nauyin magazin a kan haƙoran nan biyu yake rataye. In mutum ya faɗi a kansa, ko ya daki ƙofar mota wajen dira, haƙorin roba zalla yakan tsinke, magazin ya zube ƙasa. Ki duba naki, in kin ga ƙarfe na leƙowa a haƙorin baya da cikin leɓe, riƙe shi da kyau. In kina shakka, ɗan maganaɗisu zai gaya miki.

Abin da nake so da roba shi ne ba ta ɓoye ciwonta. In ta lalace tsagewa take, ido ya gani. Ƙarfe da alminiyam kuwa lanƙwashewa suke kaɗan, ka duba ka ce lafiya, sai a filin harbi ka gane.

Anti Sibil Difens: Na duba yanzun nan, akwai ƙarfe a duka biyun. Alhamdulillahi.

Kofur Bajoga: Ni abin da ya sa na tsani roba, na ga wanda aka bari cike a gaban gilashin Hilux a watan Afrilu, zafin Gombe kun san shi. Da aka ɗauko, leɓen ya saki, ana taɓa shi harsashi ya riƙa tsalle yana fitowa da kansa.

Saje Mai Makulli: Wannan marar ƙarfen ne, Kofur, kuma ko na ƙarfe ne bai kamata a bar harsashi a gaban gilashi cikin rana ba. Kada laifin guda ya shafi dangi. Sojan ruwan Amurka na Marin sun amince da magazin PMAG na kamfanin Magpul a ƙarshen 2016, roba ce, kuma sun fifita ta a kan na alminiyam da suka daɗe da shi a bindigarsu M16. Mutanen da ke aiki daga sahara har ƙanƙara ba za su ɗauki abin da rana ke narkarwa ba.

Sufeto Mai Ritaya: Ina ta karatu ina murmushi. Mu da muka fara da Mak 4, tsohuwar bindigar Ingila, ba mu san wannan zaɓe ba. Harsashi 10 take ci, .303, kuma ba a cire magazin ɗin sai wajen wanki. Ta sama ake durawa, biyar-biyar. Wahalarta ɗaya, harsashin yana da baki a gindi, in bakin na sama ya faɗa bayan na ƙasa sai ta kulle, ka tura ka tura ta ƙi. Tun a nan aka koya mana cewa yadda ka jera harsashi ma aiki ne. Har a AK ɗin, ɗana, in ka gama durawa ka bubbuga bayan magazin a tafin hannunka don duk su koma baya su daidaita. Kuma kada ka dura harsashin da ya faɗi ƙasa ba ka goge shi ba.

Baba Samanja: Sufeto ka tuna mini da bindigar FN. Ita 20 take ci, 7.62x51, haka ma G3 ta Jamus. Na G3 na alminiyam kamar ba ka ɗauki komai ba, amma ka zauna a kansa sau ɗaya ya gama aiki. FN kuma iri biyu ce, ta Beljiyam da ta Ingila da ake kira SLR. Magazin ɗin SLR haƙorinsa na gaba ya fi girma, ba ya shiga ta Beljiyam. Na Beljiyam yana shiga SLR amma yana rawa. A wurin da sojan ƙasashe suka haɗu, irin Laberiya da muke tare da na Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, dole kowa ya san nasa.

Ƙaramin Kurtu: Allah ya ƙara girma Baba. To dogon nan mai cin 40 fa? Gaskiya shi ya fi ɗaukar idona. Abokan aikina ma rububinsa suke.

Baba Samanja: Na sani, yara suna son shi don hoto. Ba don bindigarka aka yi shi ba. Na RPK ne, babbar yayar AK mai ƙafafu biyu, ita da ganga, wato magazin mai zagaye, mai cin 75. Zai shiga taka, zai kuma yi harbi. Amma kwanta da shi a ƙasa ka gani. Gindinsa zai toƙare ƙasa, ya ɗaga maka bindiga, kai ma dole ka ɗaga kai. Duk abin da zai sa ka ɗaga kai a inda ya kamata ka manne da ƙasa ba ƙari ba ne. Ga shi ba ya shiga jakar ƙirji ta rufu. Harsashi goma na ƙari bai kai wannan ba.

Ganga kuwa kada ma ka fara. In ta cika ta haura kilo biyu, tana kwaramniya in kana tafiya, durinta aiki ne, wankinta ya fi. Mai RPK da aka ba aikin rufe wa 'yan'uwa baya, shi ya dace da ita.

Direban Sintiri: Ni kuma akasin haka nake nema. Mai 30 ɗin ma yana takura mini tsakanin sitiyari da ƙofa. Babu gajere?

Saje Mai Makulli: Akwai mai cin 20. Hangari ta yi shi don gajeriyar bindigarta AMD-65, saboda masu aiki cikin mota. In akwai a ɗakinku, ka nema a rubuce a ba ka shi a jikin bindiga, masu 30 su zauna a jaka. In babu, haƙuri. Kada wani ya ce zai yanke maka mai 30 ya gajarta.

Na Gandun Yankari: Salamu alaikum. Ƙanena, tunda Alkaleri aka kawo ka, maƙwabcinmu ne kai, bari in gaya maka abin da ƙasar nan ke yi wa kaya. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yawancin sintiri a ƙafa ne. In an haɗa mu da jami'ai masu AK ina lura da su. Da rani ƙura ce mai laushi da tokar ƙunar daji, tana shiga ko'ina. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, 'ya'yanta na zuba cikin duk abin da ke buɗe, ga laka a bakin kogin Gaji. Wanda na ga ya fi shan wahala shi ne mai ɗaure magazin biyu da salatif, ɗaya na kallon ƙasa. Muka tsallaka wani rafi, ya durƙusa, bakin na ƙasan ya nutse cikin laka. Da muka zauna hutawa ya ciro harsasan ɗaya-ɗaya, na saman duk sun zama curin taɓo, da tsinke ya riƙa sakace leɓen.

Kofur Bajoga: Amma ɗaurin nan yana sa saurin canji, Malam.

Saje Mai Makulli: Saurin da za ka samu bai kai abin da za ka rasa ba. Ban da dattin da Na Gandu ya faɗa, ka ninka nauyin da ke rataye a maƙallin bindiga, yana cinye shi. Leɓen na ƙasan kuma shi ke fara dukan ƙasa duk lokacin da ka kwanta. Yawancin masu lotsattsen leɓe da ake dawo mini da su, za ka ga sawun salatif a jikinsu. Jaka mai murfi aka yi don wannan, a sa bakin magazin yana kallon ƙasa a cikinta. Sauri kuma a horo ake samunsa.

Anti Sibil Difens: Oga Saje, raba mana wata gardama. Wani malaminmu ya ce a riƙa sa 28 a mai 30 don sifirin ya huta. Wani ya ce a cika.

Saje Mai Makulli: Wannan al'adar daga M16 ta samo asali. Sojan Amurka a Biyetnam sukan sa 18 a mai cin 20, daga baya aka riƙa sa 28 a mai 30. Nasu miƙe ake tura shi sama, in ya cika maƙil yana wuyar kamawa. Na AK saƙalawa ake a jawo, kuma an bar masa sarari a ciki. Mai lafiya zai ɗauki 30 ya bayar da 30. Ga gwaji: in ka cika, danna harsashin sama, ya kamata ya ɗan sauka kaɗan. In ya ƙi motsi sam, ƙirga da kyau, wataƙila ka cusa 31.

Batun hutu kuma, ba zama a matse ne ya fi kashe sifirin ba. Yawan matsewa da sakewa ne, sai tsatsa. Ina sa a sauke harsashi lokaci-lokaci, amma don a wanke ciki a duba harsasan ne. Kuma don Allah in sifirin ya yi sanyi kada a kama shi a ja don ya ƙara tsawo. Zai yi kamar ya farfaɗo, kwana kaɗan ya koma ya fi da lalacewa. Canza shi ake.

Sufeto Mai Ritaya: Ni dai na fi natsuwa da 29, haka na saba. Amma abin da aka ƙirga maka ka sa hannu a kai, shi za ka ƙirga ka mayar. Wannan ba ya cikin gardama.

Ƙaramin Kurtu: Wajen wanki fa, wane mai zan zuba a ciki?

Baba Samanja: Babu. Ka ji ni da kyau ɗana, babu. Cikin magazin a bushe ake barinsa. Mai da ƙurar hunturu in suka haɗu kwaɓi suke zama, farantin ya riƙa tafiya da ƙyar. Ka danna maɓallin gindi, ka zare murfin a hankali da babban yatsanka a kan sifirin, don yana iya tsalle ya same ka a ido. Ka tura busasshen tsumma ya fita ta ɗaya bakin, ka goge faranti. Da damina kaɗai za ka shafi sifirin da tsumma mai ɗan danshin mai, ka bi da busasshe. Jikin na ƙarfe ta waje ka shafa masa kaɗan. Kuma ka lura da yadda sifirin ya fito, haka zai koma, in ka juya shi farantin zai karkace.

Ɗan Baka na Toro: Gaisuwa ga manya. Ni ba ma'aikaci ba ne, maharbi ne, an sa ni a zauren nan saboda muna taimaka wa jami'ai da sanin hanya a dajin Lame-Burra. Mai baki biyu gare ni da takardarta, sai adaka ta gado. Abin da muke gani a dajin nan ya fi ƙarfin harsashi biyu. Ina mutum zai samu irin wannan kaya da kuke magana?

Shugaban Zaure: Barka da zuwa Baba maharbi, kuma mun san irin wahalar da kuke sha, Allah ya saka. Amma wannan ƙofa a rufe take, kuma don ƙaunarka nake faɗa. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da danginta masu duri ta baki, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Irin taka mai baki biyu, lasisin Sufeto Janar take bukata. Bindigar soja kuwa, da AK da FN da G3 har da Mak 4, tana cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. In aka tsinci magazin ko harsashinta a jakarka a shingen bincike, ba wanda zai tsaya jin cewa kai mai taimako ne. Duk abin da muke tattaunawa a nan kayan gwamnati ne da ake sa hannu a karɓa, a sa hannu a mayar. Ba a saye ba a sayarwa a zauren nan, wanda ya kawo tallar haka zan cire shi. In kun tsinci wani a daji, ku kai wa DPO a rubuta. In aiki ya fi ƙarfin abin da ke hannunku, ku nemi a haɗa ku da jami'ai, ku ku nuna hanya.

Ɗan Baka na Toro: Na ji, na kuma gode ranka ya daɗe. Za mu zauna da Sarkin Baka a kan maganar haɗin.

Saje Mai Makulli: Ƙanena Kurtu, saura abu ɗaya, kuma shi ya fi ci mini rai a aikin nan. Mutum ya gane magazin ɗinsa na cijewa, sai ya lallaɓa ya jefa shi cikin akwati ya ɗauki wani, bai gaya wa kowa ba. Gobe wani bawan Allah ya sa hannu ya ɗauka ya fita da shi hanya. Wannan amana ce aka ci. Magazin kamar tayar mota yake, yana da ranar ƙarewa, ba abin kunya ba ne ka kawo ka ce ya gaji.

Ga yadda za ka gane mai laifi. Ka nemi izini ka sa wa naka lamba da ɗan fenti a gindi, 1, 2, 3. Ranar da aka kai ku filin harbi ka gwada kowanne, cike, har ya ƙare. In bindiga ta tsaya ka duba lambar ka riƙe a ka. Ta sake tsayawa da wannan lambar, alhali sauran suna tafiya, ka sami ɓarawon. Ka kawo shi hannu da hannu, ka ce a rubuta, a ware shi. Kada ka kai wa mai walda ko maƙeri, kada ka sa filaya ka matse leɓen da kanka. Leɓen da aka lanƙwasa aka mayar ba ya komawa yadda yake, zai sake buɗewa ranar da ba ka zata ba.

Ƙaramin Kurtu: In kuma Oga ya ce babu wani, sai shi?

Sufeto Mai Ritaya: Ka ce a rubuta a littafi cewa ka kawo ƙorafi, da ladabi, ba da ɗaga murya ba. Ka sa mai lafiyar a jikin bindiga, mai shakkar ya zama na ƙarshe a jaka har a samu canji. Rubutun nan zai tsaya maka, zai kuma taimaki mai ɗakin makamai in ya je neman sababbi a sama, don da takarda ake ba shi.

Saje Mai Makulli: Haka ne Yallaɓai. Ni kaina in littafi ya nuna guda nawa aka ware, bakina ya fi ƙarfi a gaban manya.

Ƙaramin Kurtu: To na fahimta. Litinin zan nemi masu cin 30, in fara duba jan, in babu mai lafiya in koma na ƙarfe, in gwada kowanne a bindigata a gaban Oga. Anti, in na ga irin naki mai ƙarfe a haƙori zan haɗa da ɗaya.

Anti Sibil Difens: Ka je da ɗan maganaɗisu da fensir a aljihu. Kuma ka je da wuri, kafin layi ya yi tsawo Oga ya fara cewa a yi sauri.

Na Gandun Yankari: Ka duba jakar ƙirjin ma. In murfinta ya yage ka kai wa mai ɗinkin takalma a kasuwar Alkaleri ya sa maka sabon maɓalli kafin ruwa ya sauka. Jakar kawai za ka kai masa, ka bar kayan cikinta a ofis.